Lissafi Kafin Walda: Yadda Ake Tsara Bututun Masana'anta

Karkarar arewacin Kano, daga Gezawa da Minjibir har zuwa Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne dukiyarta tun kaka da kakanni, guga da igiya kuma su ne hanyar ruwanta. A 'yan shekarun nan sababbin abubuwa sun shigo: rijiyar burtsatse, tanki a kan ƙarafa, faifan sola, injin ban-ruwa, da ƙananan injinan casa da na matsar mai. Yawancinsu ba sa aiki sai da bututu. Sai dai za ka tarar an sayi inji bayan dogon nazari da shawara, bututu kuwa an bar shi ga abin da ya rage a aljihu da abin da aka tarar a kasuwar Ƙofar Ruwa ranar da aka je sayayya.

Wannan sakacin yana da tsada, kuma ba ranar sayayya ake biyan kuɗin ba. Ana biyansa kullum a man da janareta ke sha, da famfon da ke zubo ruwa siriri, da injin da ya ƙone tun bai kai ko'ina ba, wani lokaci ma da ran mutum. Ƙa'idar da ke tafiyar da ruwa daga burtsatse zuwa tanki a Zakirai ita ce dai ke tafiyar da tururi a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, ita ce kuma ta tafiyar da ɗanyen mai a matatar Kaduna da aka buɗe a 1980. Girma da haɗari ne suka bambanta. Injiniyan da ya iya lissafin ƙaramin ya kama hanyar iya babban.

Tambayoyin farko

Kafin a zana layi ko ɗaya, akwai tambayoyi huɗu da dole mai tsara bututu ya samu amsarsu a rubuce. Me zai bi ta ciki? Nawa ne zai bi a awa ɗaya? Da wane matsi? Da wane zafi? Kowace amsa tana yanke wani hukunci. Irin abin da zai bi shi ke zaɓar ƙarfe ko roba. Yawansa shi ke ba da faɗi. Matsi shi ke ba da kauri. Zafi kuma yana taɓa duka ukun, domin yana rage ƙarfin abin da aka yi bututun da shi, yana kuma sa shi miƙewa.

Ba a tsara bututu a kan ranar da komai ke tafiya daidai. Ana tsara shi a kan mafi munin halin da zai iya shiga: ranar da wani ya rufe bawul alhali inji na aiki, ko ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar turo ruwa. Shi ya sa a takardar aiki ake rubuta matsi iri biyu, na yau da kullum da na tsarawa, na biyun kuma ya ɗara na farkon.

Shi matsi yana da sauƙin fahimta idan aka auna shi da tsayi. Ruwan da ya kai tsayin mita 10 yana danna ƙasansa da kusan ba 1, "ba" (bar) kuwa shi ne ma'aunin matsi. Tankin da aka ɗora a kan ƙarafa masu mita 6 ke nan yana ba famfon da ke ƙasa kusan ba 0.6, ko tankin na lita 1,000 ne ko na lita 10,000. Mutane da yawa suna ƙara girman tanki don ruwa ya yi ƙarfi, alhali tsayi ne ke ba da ƙarfin. Abin da girma ke ƙarawa shi ne nauyi: lita 5,000 na ruwa tan 5 ne, kuma ƙarafan da ke ƙasa su za su ɗauka dare da rana.

Faɗi, inda ake yawan asara

Ruwa idan yana gudu a bututu yana gogayya da bangonsa, gogayyar kuma tana cin wani kaso na ƙarfin da inji ya ba shi. Bajamushe Julius Weisbach da Bafaranshe Henry Darcy su suka kafa lissafin wannan asarar a tsakiyar ƙarni na 19. Osborne Reynolds ya nuna a Manchester a 1883 lokacin da ruwa ke tafiya a natse da lokacin da yake hargitsewa, sannan Lewis Moody ya haɗa abin a jadawali guda a 1944, jadawalin da ɗaliban injiniya ke amfani da shi har yau. Abin da ya kamata a riƙe daga duk wannan shi ne: asarar tana ƙaruwa da tsawon bututu, tana ninkuwa kusan sau huɗu idan gudun ruwa ya ninka biyu, kuma idan aka rage faɗin bututu da rabi ana son ruwa iri ɗaya ya wuce, asarar tana ninkuwa kusan sau 30.

A ɗauki mai gona ko mai ƙaramar masana'anta a wajen Zakirai da ke son lita 10,000 a awa, nisan mita 200 daga rijiya zuwa tanki, da bututun roba mai santsin ciki. Idan faɗin cikin milimita 40 ne, ruwan zai yi gudun mita 2.2 a daƙiƙa, gogayya kuma za ta ci abin da ya kai ɗaga ruwan tsayin mita 22. Idan milimita 50 ne, gudun zai sauko zuwa mita 1.4, asarar ta koma kusan mita 8. Idan milimita 65 ne, asarar ba ta fi mita 2 da ɗan abu ba. Tsakanin na farko da na biyu akwai tazarar mita 14. Ga injin da rabin wutar da yake sha ce ke zama aiki, wannan tazarar ta kai wat 750, wato kusan faifan sola biyu manya, ko man da za a riƙa ƙonawa duk awar da injin ya yi yana aiki, shekara da shekaru. Milimita 10 ce kaɗai ta jawo haka. Araha ba ta ado.

Wannan ne dalilin da ya sa injiniyoyi ke son gudun ruwa ya tsaya tsakanin mita 1 da 2 a daƙiƙa a yawancin layuka. In ya yi ƙasa sosai, an kashe kuɗin bututu a banza, yashi da laka kuma su kwanta a ciki. In ya yi sama, ga asarar wuta, ga ƙara, ga zaizayar gwiwoyi. Haka kuma kowace gwiwa da kowane bawul da kowane wurin da faɗi ya canza yana da tasa asarar da ake ƙarawa a lissafi. Layin da ya cika kwane-kwane ya fi tsawonsa na ido tsawo a wurin inji.

Daga nan ne ake zaɓar inji. A haɗa tsayin da za a ɗaga ruwa, daga inda ya tsaya a cikin rijiya lokacin da ake jan sa har zuwa bakin tanki, da asarar gogayya, da matsin da ake so a ƙarshen layi. Da wannan jimlar da yawan ruwan da ake buƙata ake duba jadawalin da masu ƙera inji ke bayarwa. Wanda ya fara sayen sumo, injin da ake saukewa cikin rijiya, sannan ya nemi bututun da zai dace da ita ya fara aikin daga ƙarshe.

Kauri da lambobin da ke jikin bututu

Bututun ƙarfen da ake kira inci 2 a kasuwa, in ka auna shi ba za ka samu inci 2 daidai ba, ko ta ciki ko ta waje. Suna ne kawai. Faɗinsa na waje milimita 60.3 ne kuma ba ya canzawa. Kaurin bango ne ke canzawa, shi ake nunawa da lambar da ake kira shedul. Inci 2 mai shedul 40 kaurinsa milimita 3.91, mai shedul 80 kuma milimita 5.54. Tunda wajen bai canza ba, ƙarin kauri yana rage ramin ciki, kuma da ramin ciki ake lissafin gudu. Bututun roba kuwa galibi da faɗin waje ake kiransa, a kuma buga masa lambar matsin da zai ɗauka, kamar PN 6 ko PN 10 ko PN 16.

Lissafin kauri gajere ne: a ninka matsi da faɗin waje, a raba da ninki biyu na ƙarfin da aka yarda ƙarfen ya ɗauka. Ga bututun inci 4, mai faɗin milimita 114.3, a matsin ba 10, da baƙin ƙarfe na yau da kullum, amsar ba ta kai rabin milimita ba. Amma inci 4 mai shedul 40 kaurinsa milimita 6.02 ne. Ina sauran ya tafi? Ana ware milimita 1.5 zuwa 3 don tsatsar da za ta ci bangon a tsawon shekarun aikinsa. Ana ware kashi 12.5 cikin ɗari domin an yarda masu ƙera bututu su gaza da wannan adadin. In za a yanka masa zare, zaren ma yana cin kauri. Sannan dole ya ɗauki nauyin kansa, ya jure taku da bugu. Wannan ya nuna haɗarin tsohon bututun da ake sayowa daga 'yan gwangwan a yi masa fenti a mayar da shi aiki. Ta waje yana iya yin kyau, alhali tsatsa ta riga ta cinye rabon da aka ware mata. Na'urar auna kauri ce kaɗai za ta faɗi gaskiyarsa.

Mahaɗai ma suna da nasu aji. Filanji, wato faifan ƙarfen nan mai huji-huji da ake ɗaure bututu biyu da shi da noti, yana zuwa a aji 150 da 300 da 600 har zuwa 2500. Aji 150 na baƙin ƙarfe yana ɗaukar ba 19.6 a zafin ɗaki, amma a digiri 300 abin da zai ɗauka ya sauko zuwa kusan ba 10. Ƙarfin layi gaba ɗaya bai wuce ƙarfin mafi raunin abin da ke jikinsa ba, ko da bawul ɗaya ne ko gaskit ɗaya.

Ƙarfe ko roba

Babu bututun da ya fi kowane. Akwai dai wanda ya dace da aiki. Farar roba ta PVC tana da araha, ba ta tsatsa, ta dace da ruwan sanyi da aka binne. Amma zafi yana karya mata ƙarfi. A digiri 60 abin da za ta ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na lambar da ke jikinta ba, rana kuma tana gasa ta har ta yi gautsi. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, barin ta a fili ganganci ne. Haka kuma ba a saka mata iska mai matsi, domin in ta fashe tarwatsewa take yi, ɓaraguzanta masu kaifi su watsu. Baƙar roba ta HDPE, wadda ke zuwa a naɗe, ta fi jure rana da lanƙwasa, shi ya sa ta karɓu a ban-ruwa.

Baƙin ƙarfe shi ne na tururi da mai da iskar gas. Farin ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne na madara da lemo da duk abin da mutum zai ci, domin yana wankuwa. Tagulla tana da kyau a na'urar sanyaya ɗaki, amma ba a kusantar da ita ga layin amoniya na manyan ɗakunan sanyi, don amoniya tana cin ta. In aka haɗa ƙarfe iri biyu kai tsaye a cikin ruwa, kamar tagulla da ƙarfe mai rufin tutiya, ɗayan zai riƙa cinyewa a mahaɗar. Masana'antar da ke tsamo ragowar mai daga tunkuza da sinadarin hekzen, wanda ke tafasa a kusan digiri 69 kuma yake kama wuta nan take, tana buƙatar walda maimakon zare, da waya mai sauke tartsatsin wuta zuwa ƙasa a duk layukanta.

Bututu yana motsi

Abin da ya fi shige wa sababbin injiniyoyi duhu shi ne bututu ba a tsaye yake cak ba. Kowace mita ta baƙin ƙarfe tana ƙara milimita 1.2 idan zafinta ya ƙaru da digiri 100. A masana'antar turara shinkafa, tururi mai matsin ba 10 zafinsa ya haura digiri 180. Layi mai mita 30 da aka ɗaura da safe a digiri 30 zai ƙara fiye da santimita 5 da zarar tururi ya shiga. In an ɗaure shi tamau a duka bakinsa biyu, wannan tsawon sai ya nemi wurin zuwa. Ko ya lanƙwashe, ko ya tsinke noti, ko ya tsaga walda, ko ya ture bakin tukunyar da ya fito daga ciki.

Maganin shi ne a ba shi hanya. Ana kafe layi a wuraren da aka zaɓa, a bar shi ya zame a kan sauran matokarai, a kuma yi masa lanƙwasa mai siffar harafin U wadda za ta shanye miƙewar. Roba ma ta fi ƙarfe motsi nesa ba kusa ba. Baƙar roba mai mita 100 da ke kwance a gona, tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar, tana iya sauya tsawo da kusan rabin mita. Shi ya sa ake shimfiɗa ta da ɗan karkace-karkace a cikin rami, a kuma rufe ramin da sanyin safiya.

Nauyi ma abin lissafi ne. Mita ɗaya ta inci 4 mai shedul 40 kilo 16 ce, in ta cika da ruwa a ƙara kilo 8. Irin wannan layin yana son matokari kusan duk mita 4, da ƙari a gefen kowane bawul mai nauyi. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce kada a mayar da inji matokari. In aka kwance noti a bakin inji aka ga bututu ya yi tsalle ya kauce, to tun ranar ɗauri yake jan injin, kuma shi ne sanadin yawan cin boris da yoyo.

Bugun ruwa da wahalar tsotso

Ruwan da ke gudu yana da nauyi, in aka tare shi farat ɗaya sai ya daki bango. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya yi gwaji a kan bututun ruwan birnin Mosko ya fitar da lissafin wannan bugun a 1898. A bututun ƙarfe, tsayar da ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa nan take yana iya ƙara matsi da kusan ba 12. A PVC ƙarin ba 3 zuwa 4 ne. Layin da aka yi don ba 6, in yana gudun mita 2 aka rufe shi da hannu ɗaya, yana iya wuce iyakarsa a ƙiftawar ido. Rigakafin shi ne rage gudu tun a tsarawa, da bawul mai rufuwa a hankali, da bawul mai hana ruwa komawa a bakin inji, da tulun iska mai shanye bugu a dogayen layuka.

Ɓangaren tsotso kuma shi ne mafi laushi a duk tsarin. Injin da ke bakin rijiya ba jan ruwa yake yi da ƙarfinsa ba. Nauyin iskar sararin sama ne ke turo masa shi. A bakin teku iyakar wannan turin mita 10.3 ne, a Kano da ke kan tudu ya ɗan gaza haka, a aikace kuwa da wuya a wuce mita 6 zuwa 7. In aka matsa, ruwan yana fitar da ƙananan kumfa da ke fashewa a jikin farfela, ka ji inji na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kafin wani lokaci farfelar ta yi ramuka. Don haka layin tsotso ya zama gajere, mai faɗi, marar kwane-kwane, ba kuma tudun da iska za ta maƙale. In ruwa ya yi nisa, sai a sauke inji cikin rijiyar.

Tururi yana da nasa hali

Tururi yana komawa ruwa a hanya, musamman da safe lokacin da ƙarfe ke da sanyi. Tunda tururin yana gudun mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa, ruwan da ya taru a ƙasan bututu yana iya zama dunƙule, tururi ya kwashe shi ya maka a gwiwa ko bawul har ya fasa. Saboda haka ake ba layin tururi gangare na kusan mita 1 a duk mita 100 zuwa inda yake tafiya, a sa tarkon da ke fitar da ruwa ya riƙe tururi duk mita 30 zuwa 50 da kowane wuri mai kwari, a kuma ɗauki reshe daga saman layi. Ana naɗe bututun da abin hana zafi fita, domin layin da aka bari tsirara yana ƙona ɓuntu ko itace ko mai don ɗumama iska kawai, yana kuma ƙona hannun ma'aikata. Sannan bawul ɗin da ke buɗewa da kansa in matsi ya wuce iyaka shi ne mai gadin tukunya. Ɗaure shi da waya don yana yawan huci daidai yake da sa hannu a kan mutuwar mutane.

Zane, walda da gwaji

Aikin bututu na gaskiya yana wucewa ta zane uku. Na farko yana nuna tafiyar aiki: abin da ya shiga, abin da ya fita, da yawan kowanne. Na biyu, wanda injiniyoyi ke kira P&ID, yana nuna kowane layi da lambarsa da faɗinsa, da kowane bawul da kowace na'urar awo. Na uku shi ake miƙa wa mai walda, layi ɗaya a takarda ɗaya, da tsawon kowane yanki da wurin kowace walda. A nan ake tunanin wanda zai zo gyara bayan shekara biyar: hannunsa zai kai ga bawul? Akwai wurin zuƙe ruwa a ƙasa da wurin fitar da iska a sama? Za a iya cire inji ba tare da yanka layi ba?

Waldar bututun matsi daban take da waldar ƙofa da taga. Ana fere bakin bututu, a bar 'yar tazara, zubin farko ya ratsa har ciki, sannan a cike. Mai waldar sai ya ci gwaji kafin a ba shi layi, a manyan ayyuka kuma ana ɗaukar hoton cikin waldar da na'ura. Bayan an gama, kafin fenti da naɗi da binnewa, sai a cika layin da ruwa, a fitar da iska, a ɗaga matsi zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin tsarawa, a bi kowace mahaɗa da ido. Da ruwa ake yi domin ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya tsage tsiyaya kawai zai yi, iska kuwa in ta samu hanya fashewa take yi.

Waɗannan ƙa'idojin ba a ofis aka ƙirƙiro su ba, daga gawarwaki aka koyo su. An kafa ƙungiyar injiniyoyin injina ta Amurka, ASME, a 1880, lokacin da fashewar tukunyar tururi ta zama ruwan dare. A 1905 tukunyar wata masana'antar takalma a garin Brockton ta fashe ta kashe mutum 58. Kundin ƙa'idar tukunya na ƙungiyar ya fito da kwanan 1914, na bututu kuma a 1935. Daga shi aka samu B31.1 na tashoshin wuta da layukan tururi, da B31.3 na matatu da masana'antun sinadarai, da B31.4 na dogayen layukan mai, da B31.8 na iskar gas. Da su ake aiki a harkar mai da gas ta Najeriya.

Darasin Flixborough

Ranar 1 ga Yuni, 1974, wata masana'antar sinadarai a Flixborough ta ƙasar Ingila ta fashe, mutum 28 suka mutu. Watanni biyu kafin nan an cire ɗaya daga cikin manyan tukwane shida da ke jere saboda ta tsage. Don kada aiki ya tsaya, aka haɗa na kusa da ita da bututun wucin gadi mai inci 20, mai karkata biyu, tsakanin mahaɗai biyu masu naɗewa, aka tokare shi da ƙarafan gini. Bincike ya nuna ba a yi cikakken lissafin yadda matsi zai murɗa shi ba, zanensa da alli aka yi a daɓen wurin aiki, kuma kujerar babban injiniyan injina na masana'antar babu kowa a kanta a lokacin. Mutanen da suka yi aikin ba ragwaye ba ne, sun iya hannu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu wannan aikin ya wuce gwanintar hannu, yana buƙatar lissafi.

Irin wannan gyaran na "mu lallaɓa zuwa ƙarshen kaka" sananne ne a wurinmu. Layin da aka tsara da kyau yana iya zama tarko ranar da aka ƙara masa reshe, ko aka sauya inji da wanda ya fi ƙarfi, ko aka maye bawul da wanda aka samu a kusa. Duk canji sabon tsari ne, yana buƙatar a koma ga tambayoyin nan huɗu, a gyara zane, a sake gwaji.

Abin da ke gabanmu

A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Babban layi irin wannan ba ya amfanar kowa sai da ɗaruruwan ƙananan layukan da za su kai gas ga tukwane da injinan masana'antu, kuma kowannensu sai an tsara shi, an yi masa walda, an gwada shi. Ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ya mayar da Kura da Kadawa da Bunkure ƙasar shinkafa, shinkafar kuma ta haifar da masana'antun turarawa da casa, kowacce da tukunyarta. Aikin bututu a jihar Kano ƙaruwa zai yi, kuma yana matsowa daga birni zuwa inda amfanin gona yake.

Muna da inda za a samu mutanen. Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna yaye ɗaliban injiniya duk shekara, hukumar COREN kuma tun 1970 take rajistar waɗanda suka cancanci sa hannu a kan zane. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa mai lissafi da mai hannu. Ɗalibin da ya haddace jadawalin Moody ya fita da ma'aunin matsi da tef, ya auna layin ruwan makarantar garinsu ko na asibitinsu, ya kwatanta abin da ya gani da abin da ya lissafa. Mai walda da filamba su samu zane a hannu maimakon nuni da yatsa. Mai masana'anta da shugaban ƙungiyar manoma da jami'in ƙaramar hukuma kuma su riƙe sharaɗi ɗaya kafin su biya kuɗin kowane aikin bututu: a nuna musu takardar lissafi, da zane mai sa hannun injiniya mai rajista, da sakamakon gwajin matsi da aka yi a gabansu. Kuɗin waɗannan takardu uku bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin aikin, kuma su ne ke tabbatar da cewa ma'aikacin da ya tsaya kusa da layin da safe zai koma gida lafiya da yamma.